Sallama Kafin Turaka

'Ya'yana masu zama bakin teburin gyaran waya, Allah ya yi muku albarka. Ku ajiye hantsakin nan na ɗan lokaci ku matso, akwai maganar da na daɗe ina so mu yi.

Kwanan baya da la'asar ina zaune a shagon wani tsohon yarona a kasuwar Farm Centre muna shan shayi, sai na ga wani ɗan saurayi da bai wuce shekara 17 ba ya buɗe bayan wata waya da aka kawo a mace. Ya zare batir, ya ɗaga baƙar ledar da ta rufe fanel, ya kai bakin hantsaki kan wasu ɗigo biyu masu ruwan zinare, kowanne bai kai ƙwayar gero ba, ya haɗe su, ya soka kebul da ɗaya hannun. Kwamfuta ta yi 'yar ƙarar nan tata, lamba 9008 ta fito. Ya waiwayo yana murmushi ya ce, "Baba, ta kama." Na ce madalla. Sai na tambaye shi, "To yanzu ina ka shiga?" Ya sosa ƙeya, ya ce shi dai haka ya ga ana yi a YouTube. Ban ga laifinsa ba, hannunsa ma ya burge ni, ko rawa ba ya yi. Amma har na kwanta abin yana raina, domin yaron nan ya kutsa ɗakin da ya fi kowanne haɗari a cikin waya, kuma ko sunan ɗakin bai sani ba.

Ni da rediyo da kaset na fara wannan sana'a, lokacin da mai gyara ke gane ciwo da kunne da kuma warin abin da ya ƙone. Da wayar salula ta shigo Najeriya a watan Agustan 2001, muka bi ta kamar yadda kowa ya bi. Waɗanda suka riski Nokia 3310 za su tuna cewa idan ka cire batir akwai wasu 'yan ƙarafa a jere a ƙarƙashinsa, nan muke ɗora kebul mu yi filashin. Tun a lokacin na fahimci cewa kowace na'ura tana da ƙofar da mai ita bai san da ita ba.

Ku ɗauki waya kamar gidan Bahaushe. Abin da mai ita yake gani a sikirin, su WhatsApp da hotuna da lambobi, zaure ne. Idan ka danne maɓallin murya da na kunnawa ka shiga rikabari, ka kai shigifa. Butloda, inda kuke filashin na yau da kullum, tsakar gida ce. Can ƙurya kuwa akwai turaka, wato wani ɗan umarni da aka sassaƙa a jikin ƙwaƙwalwar wayar tun a masana'anta, ba ya goguwa, ba ya sauyuwa. Shi ne yake fara farkawa idan wuta ta shiga. Zai leƙa memori ya nemo na gaba da shi, ya duba ko hatimin kamfani yana jikinsa, sannan ya tashe shi. Wancan ma ya tashi na gabansa, haka dai har Android ta bayyana. Idan kuwa ya leƙa bai sami kowa ba, ko ya tarar da na gaban a lalace, sai ya juya ya fuskanci ƙofar USB ya zauna jira. Wannan jiran shi ake kira EDL a wayoyi masu ƙwaƙwalwar Qualcomm, inda lambar nan 9008 take fitowa, shi ne BROM a na MediaTek, wadda yawancin Tecno da Infinix ɗinmu suke ɗauke da ita, Apple kuma suna ce wa nasu DFU. Ɗigon nan biyu da kuke kira tes-foyin, haɗe su dabara ce ta sa wannan ɗan umarni ya bar memori ya saurari kebul.

Kun san gidan da aka rubuta "ba shiga" a bakin ƙofarsa. Duk da rubutun, magini yana shiga, mai gyaran wuta yana shiga, mai yasar rijiya ma haka. Sai dai kowannensu zai tsaya ya yi sallama, a amsa, a kimtsa, ya shiga kansa a sunkuye, ya yi abin da ya kawo shi, ya fita bai ɗauki ko tsinke ba. Matsayinmu ke nan a cikin wayoyin mutane. Duk abin da zan faɗa muku bayan wannan, bayanin wannan ladabi ne kawai.

Ku fara da sanin cewa ba don mu aka bar ƙofofin nan ba. A shekarar 1985 wasu kamfanonin kayan lantarki suka ga ƙafafun ai-si sai ƙara ƙanƙancewa suke yi suna cunkushewa, har allurar gwaji ta daina kaiwa gare su. Suka kafa ƙungiya don neman mafita, ita ce JTAG, kuma a 1990 tsarin nasu ya zama ƙa'ida mai lamba IEEE 1149.1. Da layi huɗu kacal, TCK da TMS da TDI da TDO, injiniya zai iya tambayar kowace ƙafa halin da take ciki, a kan ƙwaƙwalwa da yawa ma har ya tsayar da ita cak ya leƙa cikinta. Don gwajin masana'anta aka yi, mu gado muka tarar. Bokis ɗin nan da kuke ji, su RIFF da Easy JTAG, a kan wannan gado suka fara cin abinci. Haka Samsung ta taɓa barin wata 'yar ƙofa a wayoyinta na da: idan ka sa resista mai 301K tsakanin ƙafa biyu na bakin caji, wayar da maɓallanta suka mutu sai ta faɗa yanayin karɓar fayil da kanta. Amfanin sanin wannan tarihi shi ne, wanda ya san dalilin da ya sa aka yi ƙofa zai gane ta ko a wayar da bai taɓa gani ba. Wanda ya haddace hoton tes-foyin kawai, ranar da aka sauya fanel karatunsa ya ƙare.

Abu na biyu, ku koyi sauraro. Wayar da ta ƙi tashi sau da yawa tana faɗin ciwonta, mu ne ba ma tsayawa mu ji. Ka ɗora ta a kan fawa-saflai ka danna maɓalli ka zuba wa mita ido. Idan ta zuƙi wuta da yawa tun ba ka taɓa komai ba, akwai inda layi ya haɗe, filashin ba zai yi mata komai ba. Idan ta ɗan ja kaɗan ta tsaya a wuri guda, mai yiwuwa ƙwaƙwalwa ta farka amma ba ta sami amsa daga memori ba. Idan ta hau ta sauka, ta hau ta sauka, tafiya take yi tana tuntuɓe a wani wuri. Bayan mita kuma akwai UART, layi uku, TX da RX da GND, inda na'ura take rubuta labarin tashinta layi bayan layi. Ba waya kaɗai ba, har rawutar intanet da akwatin dish da talabijin na zamani, da yawansu suna da shi, galibi a gudun 115200. Ranar farko da na ga rubutu yana gangarowa daga wata na'ura da kowa ya ce ta mutu, har ya zo ya tsaya daidai inda ya ce ya kasa tada RAM, sai da tsigar jikina ta tashi. Sai dai ku kula, wayoyin yanzu layukan nan nasu bolt 1.8 suke ɗauka. Ka kawo musu 3.3 ko 5, ka ƙone bakin da zai gaya maka ciwon. Ku auna kafin ku jona, TX ya tafi RX, RX ya tafi TX, layin wuta kuma ku bar shi a sake.

Yanzu bari in tona wa kaina asiri, don kada ku ɗauka mai nasiha bai taɓa tuntuɓe ba. Shekaru goma sha wani abu da suka wuce wani ɗan kasuwar hatsi daga Dawanau ya kawo mini waya mai MediaTek da ta maƙale a kan tambari. Ranar Alhamis ce, shago ya cika, na ce masa ya je ya yi sallar azahar ya dawo. Na buɗe SP Flash Tool, na gwada filashin na farko ya ƙi. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na zaɓi zaɓin nan da ke share komai kafin ya rubuta. Da'irar nan kore ta fito, waya ta tashi tsaf, na ji daɗi. Na sa sim, babu sabis. Na danna *#06#, inda lambobi 15 na IMEI ya kamata su fito babu komai. Gumi ya karyo mini, amma na ce wannan zan san yadda zan yi da shi tunda kwalinta yana nan.

Bawan Allah ya dawo, ya karɓi wayar, ya shiga ya fita, ya sake shiga. Ya ɗago ya ce, "Malam, ina rubutuna?" Ashe duk wanda ya ɗauki buhun masara ko gero bashi, a cikin wayar nan yake rubuta shi, da suna da adadi da ranar biya. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ai ba waya na kawo maka ba, littafin bashi na kawo maka." Ya ajiye kuɗin aikin a kan tebur, na ƙi karɓa, ya ƙi ɗauka, ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya fita. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, wayoyin wancan lokaci ba a kulle bayanansu yadda ake yi yanzu, kuma manhajar da na yi ɓarnar da ita tana da wurin karanto memori a adana. Rabin awa ya ishe ni. Garin neman gira na rasa ido, kuma idon ba nawa ba ne.

Daga ranar na ɗaura wa kaina ƙa'ida biyu, ku ma ina roƙonku ku ɗaura. Ta farko ita ce sallamar: kafin ka kwance sukuru ko ɗaya, ka dubi mai waya ka tambaye shi, "Me ke cikinta? Wayar kake so ko abin da ke ciki?" Waɗannan aiki biyu ne daban, kuɗinsu daban, hanyarsu daban. Idan gyaran zai share kaya, ka gaya masa ƙarara, ka bari ya amsa da bakinsa a gaban shaida. Ta biyu, ka karanta kafin ka rubuta. Akwai 'yan ɓangarori a memori da babu kwafinsu a ko'ina a duniya: nvram da nvdata a MediaTek, modemst1 da modemst2 da fsg a Qualcomm, EFS a Samsung. A ciki ne lambar wayar take, da saitin sabis da aka auna wa wannan fanel shi kaɗai a masana'anta. Fayil ɗin filashin kana iya sauko da shi sau ɗari daga intanet, waɗannan kuwa in sun tafi sun tafi. Ka kwafe su, ka sa musu suna da kwanan wata, sannan ka taɓa sauran. Ka kuma tabbatar fayil ɗin na wannan fanel ne, domin waya biyu masu suna ɗaya kan zo da memori daban, kuma firiloda (wato na gaba da ɗan umarnin turaka) da ba nata ba yana iya kwantar da wadda ta zo da ƙafarta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku kuma san cewa zamani ya juya. Tun daga Android 10 da ta fito a 2019, duk sabuwar waya dole bayanan mai ita su kasance a kulle, mabuɗin kuma an ɗaure shi da ƙwaƙwalwar wannan waya da kuma kalmar sirrin mai ita. A da mukan jona siraran zaren tagulla shida a layukan eMMC, wato CLK da CMD da DAT0 da VCC da VCCQ da GND, ko mu ɗago memorin gaba ɗaya, mu kwashe hotunan mutum mu ba shi. Yau in ka yi haka shirme za ka karanto. Hanya ɗaya ta rage, ita ce wayar ta tashi da ƙwaƙwalwarta da memorinta tare, mai ita ya buɗe da hannunsa. Saboda haka bulowa, wato na'urar hura iska mai zafi, ta zama abin tsoro. Dalmar da muka saba da ita tana narkewa a digiri 183, wadda masana'antu ke amfani da ita yanzu sai wajen 217, ga kuma gam da suke zubawa a ƙarƙashin ai-si. Kana ƙara zafi don memori ta saki, maƙwabciyarta tana dahuwa. Ku koyi hannu a kan matattun fanel, ku tara su a kwali ku yi ta ɗagawa kuna mayarwa, har hannunku ya san zafin da kansa. Wayar da ke ɗauke da hoton mahaifiyar wani da ta rasu ba allon koyo ba ce.

Na zo kan maganar da ta fi nauyi. Wanda ya shiga turaka zai ga abin da ba a nuna masa ba. Waya ta tashi, ka gwada kyamara da lasifika da sabis, ka rufe. Hotunan matar mutum da saƙonninsa da sanarwar bankinsa ba sa cikin aikin da aka ba ka. Na san shagon da layi ba ya yankewa a ƙofarsa, yaro ɗaya ya tura hoton wata kwastoma zuwa wayarsa, maganar ta fita, yau kayan sanyi ake sayarwa a shagon. 'Yan'uwanku mata da suka fara shigowa sana'ar nan, ku lura yadda mata ke tururuwa wurinsu, sai ku gane yawan mutanen da suka daɗe suna miƙa mana waya zuciyarsu na ɗar-ɗar.

Sai kuma wanda zai zo da magariba, ya leƙo ya ce, "Oga, cire mini Google ɗin nan, na manta ne." Makullin nan da kuke kira FRP, Google ta sa shi ne a Android 5.1 a 2015, don wayar sata ta zama ba ta da amfani a hannun wanda ya ɗauke ta. Gaskiya ne akwai mai mantuwa na haƙiƙa, akwai tsohuwar da jikanta ya buɗe mata adireshi ya tafi Legas. Irin waɗannan suna da kwali ko rasit, ko kuma unguwa ta san su. Amma ku da kuke Kano ba sai an ba ku labarin ƙwacen waya ba, kun san gidajen da aka yi zaman makoki saboda ita. Yaron da ya zare wuƙa a lungu, ya zare ta ne domin ya san akwai teburin da za a wanke masa wayar da safe. Kada teburin nan ya zama naku. Ku nemi kwali ku gwada lambar jikinsa da ta waya, ku ajiye littafi ku rubuta sunan mai kawowa da lambarsa da IMEI. Mayar wa waya lambarta ta asali gyara ne. Ɗora mata wata lamba daban kuwa ɓatar da sawu ne, kuma rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. In ranar ta zo, wayar za a biyo, kuma a kan teburinka sawun zai tsaya.

Na san kuna ƙorafin cewa ƙofofin sai ƙara tsukewa suke yi. Xiaomi ta sa filashin ta EDL a wayoyinta da yawa sai da izini daga sabarta. Samsung tana da wani ɗan fis na Knox a cikin ƙwaƙwalwa, in ya ƙone sau ɗaya ba ya dawowa har abada, kuma wasu manhajojin tsaro sun daina aiki ke nan. Ni ma abin yana ƙona mini rai, kuma ina ganin wani kullen neman kuɗi ne kawai, shi ya sa a Turai da Amurka mutane suke ta fafutukar 'yancin gyara kayansu, har Apple ta fara sayar wa jama'a kayan gyara a Amurka a 2022. Amma ku ji ɗaya gefen. A watan Satumban 2019 wani mai bincike ya fitar da wata ɓaraka da ya sa wa suna checkm8, a cikin ɗan umarnin nan na turaka, ta shafi iPhone 4S har zuwa iPhone X. Tunda a jikin ƙwaƙwalwa aka sassaƙa kuskuren, babu sabuntawar da za ta toshe shi, sai dai a ƙera sabuwar waya. Ƙofar da ta buɗe wa mai gyara ta buɗe wa kowa. Kowane lokaci da ɗayanmu ya wanke wayar sata, ya ƙara wa kamfanoni hujjar ƙara kwaɗo, mu duka kuma mu ji a jikinmu.

Kada ku ji kunyar cewa "wannan ta fi ƙarfina." Ku tura kwastoma wurin wanda ya fi ku, ku bi shi ku tsaya a bayan mai aikin ku kalla. Waya tana zuwa hannu na biyu da sauran rai, amma idan ta zagaya teburi biyar kowa ya gasa ta, ko wanda ya ƙera ta sai dai ya yi ta'aziyya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ku guji fasassun manhajojin nan na kyauta da ke sa ku kashe rigakafin kwamfuta kafin su buɗe, domin kwamfutar nan ce kuke jona wayoyin mutane a jikinta. Ku koyi karanta taswirar fanel ko da Turancinku kaɗan ne, kalmomin da ake maimaitawa ba su da yawa. Wanda ya sani kuma ya koya wa na bayansa. A Huaqiangbei ta Shenzhen da Computer Village ta Ikeja da Beirut Road tamu, duk haka sana'ar take tafiya, daga hannu zuwa hannu.

Yaron nan na Farm Centre, kafin in tashi na ce ya dakata da rubutun. Na sa ya kira mai wayar, ashe wata malamar makaranta ce, kuma ta ce sakamakon jarrabawar ɗalibanta yana ciki. Fuskarsa ta sauya. Ya janye hannu daga maɓallin, ya kwafe 'yan ɓangarorin nan uku tukuna, sannan ya ɗora wayar a kan fawa-saflai muka zuba wa mita ido tare. Ashe ma ba filashin take nema ba, wani ɗan kafasita ne ya haɗe layi kusa da memori. Da zan tafi ya rako ni bakin titi ya tare mini adaidaita, na ce gobe ya sayi littafi mai bango mai ƙarfi, ya ce to Baba.

Allah ya tsare muku idanunku da hannuwanku, ya sa albarka a abin da kuke samu, ya raba ku da kayan da ba na halal ba. Ku koma bakin aiki, kwastoma na jira.